Tokarar Hondar Baba

Ni na fara jin ciwon babur ɗin nan a jikina, tun kafin mai shi ya yarda akwai ciwo. Ni ake goyawa a baya, ni ke dafe buhu in an ɗaura, don haka duk abin da ƙarfen ya yi a ƙarƙashin sirdi, cinyoyina ke fara samun labari. In muka kama gangaren da ke gab da kwalbatin shiga garinmu, Baba ya ɗan ba shi wuta, sai in ji bayan babur ɗin yana karkaɗa hagu da dama a hankali, kamar tarwaɗa a ruwan da ya ja baya. Gaba ya san inda za shi, baya yana shawara. Sau biyu na faɗa masa. Na farko ya ce in zauna daidai in bar mutsu-mutsu. Na biyu bai tanka ba, kuma duk wanda ya san Baba ya san shirunsa ya fi maganarsa nauyi.

Honda ce, CD175, mai silinda biyu da giya huɗu, sarƙarta a rufe ruf cikin gidan kwano don kada ƙura ta ci ta. A 1975 ya saye ta, da kuɗin Udoji. Yaran yanzu ba su san Udoji ba. Gwamnatin Janar Gowon ce ta ɗora wa wani kwamiti ƙarƙashin Cif Jerome Udoji nauyin duba tsarin aikin gwamnati, aka ƙare da ƙarin albashi, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule. Malaman firamare da ƙafarsu ta saba da fedar Raleigh suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙe irinsu ba. Wani ya sayi rediyo mai kaset, wani ya yi wa gida rufin kwano, da yawa suka ƙara aure. Baba yana hedimasta a wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, shi Honda ya zaɓa. Inna takan ce cikin kishiyoyin da Udoji ya kawo garin, tata ce kaɗai ba ta raba kwana.

Waɗanda suka zana babur ɗin a Japan ma'aikaci suka hango da 'yar jakarsa, in ta yi yawa ya goya matarsa. Malamin makarantar da ke noma bai faɗo musu a rai ba. Taki buhu biyu, kowanne kilo hamsin, ya hau. Masara ta hau. Katan ɗin alli da rajistar makaranta sun hau, ragon layya ya hau a ɗaure yana kuka tun daga kasuwar Bakori. Da kariyar da ya zo da ita ta yi kaɗan, wani maƙeri ya ƙera masa wata da rodi, faffaɗa, ta zarce tayar baya da fiye da taƙi guda. Hanya kuwa burji ce, da rani gargada kamar haƙarƙarin ramammen sa, da damina rami da laka. Shekara goma sha biyu ana haka.

Da zamanin Udoji ne, da an sayar an sake sabo. Amma 1986 ta riga ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, sabon babur ya koma abin leƙe ta gilashin kanti. Kowa ya koma lallaɓa abin da ke hannunsa, kanikawa da masu walda suka zama likitocin gari.

A ƙarƙashin sirdi tsagar farko ta fito, a bututun hagu, daidai inda kan shok yake ɗaure, inda kuma ƙafar kariya ta zauna. Baba ya kai wa wani mai walda a bakin tasha, mai yin ƙofofi da tagogi. Mutumin ya yanko guntun ƙarfe mai kusurwa irin na gadon ƙarfe, ya kifa a kan tsagar, ya bi shi da wutar lantarki har ya huda bututun wuri biyu, ya cike hudar da ƙarin walda, ya shafa baƙin fenti. Ya buga wurin da guduma ya ce, “Malam, wannan ko jirgin ƙasa ya taka shi, sai dai jirgin ya ji jiki.” Gaskiyarsa, wurin bai sake tsagewa ba. Sai dai daga ranar babur ɗin ya koma jan hagu, Baba na tafe yana danne hannun dama, da dare kafaɗa ta hana shi barci.

Faɗuwar ta zo a ƙarshen daminar 1987, 'yan kwanaki bayan an ba mu jihar Katsina. Muna dawowa daga gona, buhun masara a kariya, ni a tsakiya, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami da bai ma kai a kira shi rami ba. Kan babur ɗin ya kama kaɗawa, dama-hagu, dama-hagu, da saurin da ido ba ya iya bi, har ya ƙwace daga hannun Baba. Muka tsinci kanmu cikin dawar wani bawan Allah. Babbar rigar Baba ta yage tun daga aljihu har ƙasa, ni kuma salansa ta manne mini a ƙauri. Tabon yana nan, faɗin tsohon kwabo. Duk ɗan da ya tashi a bayan babur a ƙasar nan yana da irinsa, da shi muke gane juna.

Inna na shafa mini magani, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, “Malam, ko dai a gyara shi, ko a bar mini ɗana a gida.”

Wani direban ɗaukar auduga ne ya kwatanta wa Baba wani dattijo mai gyara. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a Zariya kafin ya ajiye aiki ya kafa 'yar rumfa a Funtuwa, ba nisa da layin dogon da ya wuce Gusau. Ranar Asabar muka yi sammako. Na zaci da isarmu zai kunna wuta. Sai ya sa yaronsa ya yayyafa ruwa a filin gaban rumfar, ya ce, “Malam, hau ka bi ta nan a miƙe, a hankali, kar ka karkata.” Baba ya bi. Dattijon ya tsuguna a kan sawun, ya yafito ni. “Ɗan Malam, sawu nawa ka gani?” Na ce biyu. Ga na tayar gaba, ga na ta baya a gefensa, tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu. Ya ce, “Babur mai lafiya in ya miƙe, sawu ɗaya yake bari. Wannan tafiyar kare yake yi.”

Sannan ya kafe shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya kama tayar baya da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe. Ƙwas, ƙwas. Ya sa na ɗora yatsa a inda fok ɗin baya ya haɗu da firam, ya sake girgizawa, na ji ƙarfe na motsi a cikin ƙarfe. Bushin wurin ya cinye. Ya ɗaga gaba ya juya kan a hankali, sai ga shi yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa gurbi, ashe ƙwallayen boris na wuya sun haƙa wa kansu ramuka. Ya bi wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, kunnensa a karkace. Mai lafiya ta yi ƙara siririya, sakakkiya ta yi dum. Bakwai ya ƙirga sakakku. Shok ɗin baya kuwa ko ɗigon mai babu a ciki, sifirin ne kawai ke ta tsalle.

Baba ya gaji, ya ce, “Ni dai tokara na zo a yi masa. An ce kana ƙara wa firam ƙarfi.”

“Ina ƙarawa, Malam. Amma in na tokare shi yau a kan wannan bushin, gobe ka dawo ka ce aikina bai ci ba. Mutum na ɗingishi saboda ƙaya, ai ba a fara da ɗaure masa ƙugu.”

Ranar ko ashana ba a ƙyasta ba. Kasuwa muka shiga neman bushi da boris da shok na hannu, muka koma gida a motar haya, Baba na ta kallon taga kamar wanda ya baro ɗansa a asibiti.

Asabar ta zagayo muka tarar da Honda tsirara. An cire tanki an kai can bayan rumfa nesa da wuta, an cire sirdi da batir da kafireto da wayoyi. Injin kaɗai ya bari a ɗaure, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce shi zai riƙe firam kada ya motsa in ya ji zafi. Ya sa zarto da guduma ya ɓamɓare ƙarfen gadon nan. Abin da ke ƙarƙashi ba kyan gani, bututun ya ƙone, ya yi tsatsa, ya kuma lanƙwashe. Nan ya warware mana batun jan hagu. Walda in tana hucewa tsukewa take yi, ta jawo ƙarfen da ke kewaye da ita. An zuba wuta mai yawa a gefe guda, sai ta ja mazaunin shok na hagu, tayar baya ta kwanta.

Aikina a ranar riƙe zare ne, irin wanda magina ke ja. Ya zagayo da shi ta bayan tayar baya, na ja bakin biyu zuwa gaba har suka ɗan shafi gefen tayar, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana auna ratar da ke tsakanin zare da tayar gaba da tsinken ashana. Ratar dama da ta hagu sai sun zo ɗaya. Ya ɗumama bututun, ya zura masa dogon ƙarfe ya banƙara kaɗan, a sake jan zare. Haka muka yi ta yi har hannuna ya sage. In na ɗan saki sai ya ce, “Ɗan Malam, zarenka na ƙarya,” in yi sauri in ja.

Da ya ga idona na kan wasu bututu da ya jingine, sai ya zaro karan dawa daga dangar rumfar. Ya karya guda huɗu, ya haɗa bakunansu da ƙaya irin yadda muke yin motar kara, ya ce in tura kusurwa ɗaya. Da yatsa guda abin ya kwanta. Ya ƙara kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce in sake turawa. Ya ƙi motsi. “To ka ga sana'ar gaba ɗaya,” in ji shi. “Mai kusurwa huɗu ba shi da amana. Ka nemo inda ya ɓuya a jikin firam, ka raba shi biyu.”

Bututu biyu ya shirya, ɗaya a kowane gefe, daga saman mahaɗar fok zuwa mazaunin shok, da wani gajere da zai haɗa dama da hagu a ƙarƙashin sirdi. Daga gawar wani keke Raleigh ya yanko su. Baba ya nuna masa bututun famfo mai kauri da ke yashe a gefe, ya ce ai wancan ya fi ƙwari. Dattijon ya girgiza kai. Na famfo nauyi ne da shi, kuma farin shafen jikinsa in ya ji wuta, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi. Na keke siriri ne, jikinsa ya yi kusa da na firam, in za su ba da kai tare za su bayar. Ya zauna da magagari yana cin bakin kowane bututu har ya koma kamar bakin kifi, ya rungumi ɗan'uwansa babu ratar da haske zai leƙo. Awa guda ya yi a kan wannan kaɗai.

Aikin wuya kuwa da kwalin sukari ya fara. Ya yanka, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, sannan ya zana siffar a kan fallen ƙarfe. Guda biyu, kowanne bai fi tafin hannuna ba. A gefen bututu ya ɗora su, dama da hagu, ya ƙi cusa ɗaya a tsakiyar kwanar yadda ni da Baba muka zata. Ya ce in an lanƙwasa rake, bayansa ke tsagewa, cikinsa ke murƙushewa, gefensa babu abin da ke samunsa, don haka a gefen ake ajiye walda.

Sai bayan la'asar aka kunna wuta, ta gas, daga tukunyar kabayid mai warin tafarnuwa. Da sandar tagulla ya yi aikin. Tagulla na narkewa a wajen digiri 900, ƙarfe kuwa sai an kusa 1,500, saboda haka bututun ja kawai yake yi, tagullar ta malala ta kwanta a mahaɗar kamar zuma. Ɗigo a dama, ɗigo a hagu, a tsaya a ja zare. Ɗan taƙi a nan, ya zagaya ya yi irinsa a can. Da yaronsa ya ɗauko gwangwanin ruwa zai watsa wa wurin don ya huce da wuri, tsawar da ya daka masa sai da mai shayin gefe ya leƙo.

Baba ya ga aiki ya yi kyau, kwaɗayi ya kama shi. Ya ce a ƙara wata nan, a ƙara wata can. Dattijon ya kashe wutarsa ya ce ya isa. “Wahalar ƙarfe ba ta mutuwa, Malam, ƙaura take yi. Na kore ta daga nan, za ta koma inda tokarar ta ƙare.” Ya kama yatsan Baba ya ɗora a bayan mazaunin shok. “Duk ranar da ka wanke shi, ka duba nan.” Kariyar maƙerin kuma ya datse mata wutsiya, ya ce kayan da ya zauna a bayan tayar baya ɗaga ta gaba yake yi, tayar da ba ta danne ƙasa ba kuwa ita ke kaɗa kai. Wannan ya fi komai yi wa Baba ciwo, don buhu biyu ba za su ƙara zama a kwance ba.

Da almuru muka kama hanya. A gangaren kwalbati na matse cinyoyina ina jiran tarwaɗa, ba ta zo ba. Baba ya ƙara wuta, ya ƙara, babbar riga na kaɗawa tana marina a fuska. Bai ce komai ba har ƙofar gida. Da ya kafe shi ya tsaya yana juya kafaɗarsa ta dama kamar yana neman ciwon. Inna dai da ta hau zuwa wani suna ta dawo tana cewa kishiyarta ta yi taurin kai, duk gargadar hanya yanzu a ƙugunta take sauka. Ita ma gaskiya ta faɗa.

Shekaru bayan haka, ina karatu a Zariya, na ci karo da tsofaffin mujallun babur na Turawa a Sabon Gari, wurin masu baza littattafai a ƙasa. Ina buɗawa sai ga firam tsirara, ga 'yan fallayen ƙarfe a gefen wuya, ga bututu ya raba mai kusurwa huɗu biyu. Ashe ciwon duniya ne. A 1969 Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, Kawasaki ta fito da H1 mai silinda uku, a 1972 kuma ta biyo da Z1 mai cc 903. Injuna suka yi wa firam da tayoyin zamanin nisa, har H1 ya samu laƙabin mai sa mata takaba. Da aka fara gasar manyan babura irin na kanti a Amurka a 1976, masu shirya su sai suka riƙa tokare wuya da fok ɗin baya kafin su shiga fili. A Italiya wani mai aikin bututun ɗumama ɗaki, Massimo Tamburini, ya faɗi da Honda 750 a filin tsere na Misano a 1972 ya karya haƙarƙari, da ya tashi sai ya ƙera mata sabon firam da hannunsa, daga nan baburan Bimota suka samo asali. Masu ƙera firam na tsere a Ingila, irin su Rickman da Seeley, da tagulla suke haɗa bututunsu, kamar dattijonmu. Su gudu ya kai su ga wannan ilimi, mu kuwa buhun taki. Har ƙin ƙarawar da dattijon ya yi na tarar da ita a can, don daga baya masu tsere sun gano firam in ya cika tauri, a kwana direba ba ya jin abin da taya ke yi.

In za a raba ladan warkewar Hondar Baba, ni a ganina rabi ko fiye na bushi ne da boris da wayoyin rim da datse kariya. Tokarar ta riƙe abin da aka gyara ne kada ya sake ɓaci. Na sha ganin 'yan acaɓa, bayan Jincheng ta cika gari a ƙarshen shekarun 1990, suna kai sabon mashin a lafta masa rodi tun daga wuya har wutsiya kafin ma ya yi tafiyar mako, ba wanda ya ja zare.

Shekara tara tokarar ta yi. Wata Juma'a ina gida hutu, Baba na wanke babur a ƙofar gida, ya kira ni ya ce in kawo yatsana. Ga ta nan, siririya kamar gashi, a bayan mazaunin shok, daidai inda aka nuna masa. Ya yi murmushin da ban taɓa ganin mutum ya yi wa tsagar ƙarfe ba. Washegari muka je Funtuwa, muka tarar da mai sayar da katifa a inda rumfar take. Mai shayin ne ya gaya mana an yi shekara biyu da yi wa dattijon sutura. Yaron nan da aka daka wa tsawa ya buɗe tasa rumfar a gaba kaɗan, shi ya huda ɗan rami a bakin tsagar don kada ta ci gaba, ya bi ta da tagulla. Da ya gama ya tura ƙanensa ya sayo zare.

Yanzu Hondar na ɗakin ajiya a bayan gida, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashin inji. Sallar da ta wuce na ɗaga sirdin na goge ƙura da bakin riga, tagullar na nan rawaya. Ina tsugune sai ga 'yan gwangwan sun yi sallama da sikelinsu, an gaya musu akwai tsohon ƙarfe a gidan. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba. Inna ta leƙo daga bakin ɗakinta, ta dube su, ta dubi sikelin, ta ce, “Ku yi haƙuri, 'ya'yan nan. Malam bai ce a sayar ba.”